Iska, Sinadari ko Na'ura: Wace Hanya Ce Ta Dace da Kare Jirgin Ruwa daga Danshi da Wari a Ajiyar Hunturu?

A ƙasashen da sanyi yake tsananta har ruwa ya daskare, masu ƙananan jiragen ruwa sukan jingine su na tsawon wata huɗu zuwa shida, wasu a kan tudu bisa turaku, wasu a ɗaure a tasha, wasu kuma a cikin rumfa. Ko a ina aka ajiye shi, jirgin da aka rufe aka daɗe ba a shiga ba yana fuskantar matsala iri ɗaya. Danshi yana taruwa a ciki, fumfuna tana bin rufi da katifu da bayan durowoyi, mahaɗar wayoyi tana yin tsatsa, ranar da aka buɗe ƙofa kuma wari ne yake fara tarbar mutum. Hanyoyin magance wannan sun cika kasuwa, kowane mai sayarwa yana yabon tasa, shi ya sa mai jirgi yakan rasa wadda zai kama.

Kafin a auna su, ya kamata a san daga ina ruwan yake fitowa. Iska tana riƙe ruwa ne gwargwadon ɗuminta: a digiri 20 na ma'aunin Selsiyas, kubik mita ɗaya ta iska tana iya ɗaukar kimanin giram 17, a digiri 10 kimanin giram 9, a digiri sifili kuwa ƙasa da giram 5. Da rana, idan hantsi ya bugi murfin jirgi, cikinsa yakan yi ɗumi, iskar ta kwashi ruwa daga katifu da katako da kwarmin jirgi, wato can ƙasan ciki inda ruwa yake kwanciya. Da dare jikin jirgi ya huce, iskar ta kasa riƙe abin da ta ɗauka, sai ta sauke shi a kan tagogi da ƙarafa da rufi, kamar dai yadda kwalbar da aka fitar daga firji take yin gumi. Iskar da take digiri 15 da danshin kashi 80 cikin ɗari, wato tana ɗauke da kashi 80 na ruwan da take iya riƙewa, za ta fara zubar da raɓa a kan duk abin da sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 12. Wannan juyi na dare da rana yana maimaituwa har ƙarshen hunturu. Fumfuna tana samun abin da take so idan danshi ya daɗe sama da kashi 70, don haka abin da ake nema shi ne a riƙe shi wajen kashi 60 ko ƙasa.

Ma'aunan zaɓi

Tambayoyi biyu ne suke yanke mafi yawan hukuncin. Ta farko, akwai wutar lantarki a inda jirgin yake, kuma masu wurin sun yarda a bar na'ura a kunne babu kowa a kusa? Ta biyu, sau nawa mai jirgi ko wakilinsa zai iya zuwa ya duba? Wanda yake leƙawa kowane mako yana da zaɓin da wanda zai rufe a watan Oktoba ya dawo a Afrilu ba shi da shi.

Bayan waɗannan sai a duba tsananin sanyin wurin, domin wasu na'urori suna daina aiki tun kafin ruwa ya daskare. A duba girman ɗakin jirgin da abin da aka ƙera shi da shi, ko faiba, ko alminiyam, ko katako. A duba kuɗi kashi biyu, na saye da na gudanarwa, domin abin da yake da araha a ranar farko yana iya zama mai tsada idan aka lissafa hunturu biyar. Sannan ƙarko, da sauƙin sakawa da kulawa, da haɗarin da hanyar take jawowa idan ta lalace ba kowa a wurin.

Akwai kuma hukunci ɗaya da ya rigayi sayen komai, wanda a ganina shi ne inda aka fi yin kuskure. Ko dai a buɗe jirgi iska ta ratsa shi, ko a toshe shi a busar da iskar da take ciki. Haɗa biyun ɓarnar kuɗi ce. Wanda ya kunna na'urar tsotse danshi ya kuma bar kafofin iska a buɗe, iskar waje yake ta busarwa, ita kuwa ba ta ƙarewa. Wanda ya toshe ko'ina bai saka abin da zai cire ruwan ba, ya tsare danshin ne a ciki.

Babu kuma wata hanya da za ta yi tasiri a jirgin da aka rufe yana jiƙe. Ruwan da yake cikin iskar ɗaki mai kubik mita 20 bai kai rabin lita ba, amma bokiti guda da aka manta a kwarmin jirgi, ko katifar da ta sha ruwa, za su yi ta ciyar da iskar har wata da watanni. Saboda haka a kwashe ruwan kwarmi a goge shi da soso har ya bushe, a fitar da katifu da labule da igiyoyi da rigunan ceto idan akwai wurin ajiya a gida, in babu a jingine katifun a tsaye, a bar durowoyi da ƙofar firji a buɗe. Jirgin da ya yi yawo a teku sai an ɗauraye cikinsa da ruwan daɗi, domin gishiri da kansa yana jawo ruwa daga iska idan danshi ya kai wajen kashi 75, shi ya sa zanen da gishiri ya bushe a jikinsa ba ya rabuwa da laima. Idan jirgin yana kan tudu, a cire matoshin da yake ƙasan bayansa, a ɗan ɗaga goshinsa, yadda duk ruwan da ya shiga zai gangara ya fita.

Barin iska ta ratsa

Wannan ita ce hanya mafi tsufa, kuma ita ce ba ta buƙatar wuta ko sinadari. Ana barin kafa aƙalla biyu, ɗaya wajen goshi ɗaya wajen baya, domin iska ba ta zagayawa ta kafa guda. Jiragen filafilai da yawa suna da akwatin iska irin wanda ake kira Dorade, wanda ya samo sunansa daga jirgin tseren da Olin Stephens ya zana a 1929. An tsara shi yadda iska za ta shiga, ruwan sama ya tsiyaye waje. Inda babu irinsa, ƙananan kafofi masu hula suna yin aikin. Kuɗinsu kaɗan ne, suna shekaru ba su lalace ba, ba kuma abin da zai kama da wuta.

Iyakar wannan hanya ita ce ba ta iya sa cikin jirgi ya fi waje bushewa. Abin da take yi shi ne daidaita ciki da waje, ta rage bambancin ɗumin da yake haifar da raɓa, ta kuma hana iska tsayawa a lungu. A wurin da hunturu yake da sanyi mai tsanani, iskar kuma busasshiya ce, wannan ya wadatar, ga shi fumfuna ba ta yaɗuwa sosai idan sanyi ya kusa daskarar da ruwa. A gaɓar da hunturu yake zuwa da hazo da yayyafi, sanyin kuma bai yi tsanani ba, iskar da ake shigarwa ita kanta jiƙaƙƙiya ce, sakamakon kuma yakan zama rabi da rabi.

Nasarar wannan hanya ta rataya ne a kan murfi, kuma murfi iri uku ne. Tamfol shi ne mafi araha, amma ba ya numfashi, iska tana kaɗa shi ya goge fenti, zobban bakinsa suna karce jikin jirgi, yakan kuma yage a hunturu ɗaya ko biyu. Idan za a yi amfani da shi, sai an yi masa ginshiƙi mai tudu a tsakiya yadda dusar ƙanƙara za ta zame, a bar goshi da baya a buɗe kamar bukka. Na biyu ita ce ledar da ake naɗe jirgi da ita a hura mata zafi ta tsuke. Tana hana ruwa da ƙanƙara shiga fiye da kowane murfi, ba ta kaɗawa, amma ita ce ta fi tsare danshi, don haka dole a yanka mata kafofin iska masu yawa a ɓangarori biyu, a kuma saka mata ƙofa mai zik idan ana son shiga. Ana sayen sabuwa kusan kowace shekara, wutar gas ɗin da ake tsuke ta da ita tana da haɗari a hannun wanda bai ƙware ba, idan kuma ta manne da jikin da aka yi wa fenti, ruwan da ya maƙale a tsakani yana iya tayar da fentin ya yi ƙuraje. Na uku shi ne murfin zane da aka ɗinka daidai jirgin. Shi ne mafi tsada a farko, yana da nauyi wajen ɗorawa, amma yana numfashi, yana kuma yin shekaru masu yawa idan ana wanke shi ana ajiye shi a bushe. Wanda ya san zai riƙe jirginsa na dogon lokaci, wannan ne yakan fi masa sauƙi a ƙarshen lissafi.

Fanka mai aiki da hasken rana ƙari ce a kan wannan hanya. Ana saka ta a rufin jirgi, wani lokaci sai an huda, tana zuƙo iskar ciki tana fitarwa. Kuɗinta matsakaici ne, ba ta cin wuta, amma a tsakiyar hunturu rana gajera ce, dusar ƙanƙara tana rufe farantinta, a ƙarƙashin murfi kuma ba ta ganin hasken da zai ishe ta. Mai ƙaramin batir a ciki tana ci gaba da juyawa da dare, sai dai batirin yakan mutu bayan 'yan shekaru.

Sinadaran tsotse danshi

Wanda aka fi sani shi ne kalsiyam kulorayid, farin gishiri ne da ake sayarwa a robobi ko a jakunkunan ratayewa. Yana jan ruwa daga iska har ya narke ya koma ruwan gishiri a gindin robar, yana kuma iya ɗaukar fiye da nauyinsa. Ba ya buƙatar wuta, yana da araha, kowa yana iya ajiye shi. Waɗannan ne suka sa ya yi farin jini, amma sau da yawa ana ɗora masa aikin da ya fi ƙarfinsa. Roba ɗaya ba ta isar ɗakin jirgi; ana buƙatar da yawa a warwatse, kuma sai jirgin yana a toshe. Idan sanyi ya yi yawa aikinsa yana raguwa. Da zarar ya narke duka, ya gama aiki, jirgin kuma ya koma rufaffen akwati mai ruwa a ciki, shi ya sa wanda ba zai riƙa zuwa ya zubar ya sake cikawa ba bai kamata ya dogara da shi kaɗai ba.

Haɗarinsa yana cikin ruwan da yake tarawa. Wannan ruwa yana cin alminiyam da ƙarfe, yana lalata fata, idan kuma ya zube a kan kafet ko katako wurin yakan daɗe yana jan laima ko bayan an goge. Jirgin da yake kan ruwa yana tangaɗi, don haka a saka kowace roba a cikin bokiti, ko a cikin kwamin wanke-wanke, nesa da injin da allon wayoyi.

Ƙwayoyin silika sun fi tsabta, domin ba sa narkewa. Suna ɗaukar ruwa har kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyinsu, ana kuma iya gasa su a zafin da bai wuce digiri 120 ba su sake komawa aiki, wasu ma suna canza launi idan sun cika. Amma abin da suke ɗauka kaɗan ne. Wurinsu shi ne akwatin kayan aiki, da durowar na'urorin sadarwa, da jakar da aka zuge.

Ƙaramar hita

Akwai hita masu siffar bututu ko faranti da aka yi domin wannan aiki, masu cin wat 40 zuwa 130 ko kusa da haka. Ba sa cire ko ɗigon ruwa daga jirgi. Suna ɗan ɗaga ɗumin iska ne, abin da yake rage ma'aunin danshi, ya kuma sa iska ta riƙa motsi a hankali. Saboda haka hita abokiyar kafofin iska ce. Idan aka kunna ta a jirgin da aka toshe, iskar mai ɗumi za ta kwashi ƙarin ruwa ta kai shi lungu mafi sanyi ta sauke. Ba ta da tsada, ba ta da abin da yake juyawa balle ya lalace da wuri, amma cin wutarta ba ya tsayawa: mai wat 60 da aka bari dare da rana tana cin kusan yunit ɗaya da rabi a kullum, wato sama da yunit 200 a wata biyar. Tana da amfani a ɗakin injin ko a ƙaramin ɗaki.

Hita irin ta ɗaki mai fanka, wadda take cin wat dubu ɗaya ko biyu, ba ta cikin wannan lissafi. Barin ta a kunne a jirgin da ba kowa hanya ce ta gobara, ba kuma za a dogara da ita wajen hana injin daskarewa ba, domin daren da aka fi buƙatarta shi ne daren da guguwa take iya katse wuta. Ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, kuma hakan ya isa ya fasa injin ko famfo. Maganin wannan shi ne a tsiyaye ruwan a zuba sinadarin hana daskarewa.

Na'urorin tsotse danshi masu wuta

Waɗannan ne kaɗai suke cire ruwa da yawa, su kuma riƙe danshi a daidai inda aka saita. Iri biyu ne, kuma bambancinsu yana da muhimmanci ƙwarai a lokacin sanyi.

Mai kwampiresa tana aiki irin na firji: tana sanyaya wasu bututu, iska ta bi ta kansu, ruwan ya sauka. A ɗumi ita ce ta fi cire ruwa da ƙarancin wuta. Amma adadin litar da ake rubutawa a kwalinta sau da yawa an auna shi ne a digiri 30 da danshin kashi 80, yanayin da jirgi ba zai gani ba a hunturu. Ƙasa da digiri 15 ƙarfinta yana faɗuwa, wajen digiri 5 kuma bututun suna yin ƙanƙara, sai ta riƙa ɓata lokacinta wajen narkar da ita. Tana da nauyi, sai kuma an ajiye ta a tsaye.

Ɗayar tana da faifai mai sinadarin ziyolait wanda yake juyawa a hankali yana kama ruwan iska, ƙaramar hita a cikinta tana busar da faifan, ruwan ya taru a tanki. Sanyi bai dame ta ba, tana aiki har wajen digiri 1, ba ta da nauyi, iskar da take fitarwa kuma tana da ɗan ɗumi, wanda a jirgi riba ce. Kuɗin sayenta yakan ɗara na mai kwampiresa, tana kuma cin wuta, wajen wat 300 a ƙaramin gudu, sama da ninki biyu na haka a babba. Sai dai idan jirgin a toshe yake da kyau, bayan kwanakin farko ba ta yin aiki duk yini, ma'aunin cikinta yana kashe ta yana kunnawa.

Kowace aka zaɓa, akwai abubuwa uku da za a tabbatar. A nemi wadda take komawa aiki da kanta idan wuta ta ɗauke ta dawo, domin wadda sai an danna mata maɓalli tana iya yin wata biyu a kashe ba wanda ya sani. A jona mata tiyo ya kai ruwan zuwa kwamin wanke-wanke, tunda tankinta yana cika cikin 'yan kwanaki ta tsaya. A tuna kuma tiyon yana iya daskarewa ya toshe, a jirgin da yake kan ruwa kuwa barin mafitar ruwan kwamin, wadda ta huda jikin jirgi, a buɗe shi ma haɗari ne da sai an auna. Na uku shi ne wutar kanta: waya mai kauri wadda aka yi domin waje, fulogi mai tsabta wanda bai yi tsatsa ba, da na'urar da take katse wuta idan ta zurare. Fulogin da ya saki ko gishiri ya ci yana yin zafi a hankali, kuma yana cikin sanannun musabbaban gobara a jirage. Yana da kyau a karanta sharuɗɗan inshora da na tashar tun kafin a sayi na'urar.

Rumfa mai ɗumi ita ce ta fi duka, ita ce kuma ta fi duka tsada. Rumfar da ba a ɗumama ba tana tare ruwan sama da ƙanƙara, amma jirgin cikinta yana buƙatar iska kamar kowane.

| Hanya | Kuɗin saye | Kuɗin gudanarwa | Ƙarko | Kulawa | Aiki a tsananin sanyi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Kafofin iska | Kaɗan | Babu | Shekaru da yawa | Kaɗan | Mai kyau | Shigar ruwa ko ɓeraye |
| Fanka mai sola | Matsakaici | Canjin batir | Matsakaici | Kaɗan | Rauni | Yoyo a inda aka huda |
| Kalsiyam kulorayid | Kaɗan | Sake cikawa | Yana ƙarewa | Zuwa a kai a kai | Rauni | Zubewa da cin ƙarfe |
| Silika | Kaɗan | Gasawa | Mai daɗewa | Matsakaici | Daidai, a ƙaramin wuri | Kusan babu |
| Ƙaramar hita | Kaɗan | Matsakaici | Mai daɗewa | Kaɗan | Matsakaici | Gobara |
| Na'ura mai kwampiresa | Matsakaici | Matsakaici | Matsakaici | Dubawa | Rauni ƙwarai | Wuta, toshewar tiyo |
| Na'ura mai faifai | Mai ɗan yawa | Mai ɗan yawa | Matsakaici | Dubawa | Mai kyau | Wuta, toshewar tiyo |
| Rumfa mai ɗumi | Babu | Mai yawa ƙwarai | Ba ya shafa | Kusan babu | Mai kyau | Tsada |

Batun wari

Bushewa tana maganin warin fumfuna, amma sauran wari kowanne yana da tushensa, kuma sai an bi shi can. A jirgin da yake da banɗaki, wanda ake fara zargi shi ne tankin bahaya. Ƙwayoyin bakteriya da suke rayuwa inda babu iska su ne suke fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, don haka a zuƙe tankin, a ɗauraye shi da ruwan daɗi fiye da sau ɗaya, a tabbatar bututun numfashinsa bai toshe ba. Ruwan tekun da ya kwana a tiyon da yake kawo ruwa banɗaki shi ma yana ruɓewa ya yi irin wannan wari. Tiyon bahaya kuma idan ya tsufa wari yana ratsa jikinsa. Ana gane haka da tsumma mai tsabta: a jiƙa shi da ruwan zafi, a naɗe tiyon a inda ya fi lanƙwasowa ƙasa, a bari ya huce, a fita da shi waje a shinshina. Idan tsumman ya ɗauki warin, babu wankin da zai gyara tiyon, sai canji. Idan za a zuba sinadarin hana daskarewa a bututun ruwan sha da na banɗaki, a nemi mai furofilin gilaikol. Irin na mota mai etilin gilaikol guba ne.

Warin dizal da na mai daga kwarmin jirgi yake fitowa, sai an wanke shi da sabulu mai cire maiƙo, an shimfiɗa ƙyallen tsotse mai a ƙarƙashin injin. Warin fetur kuwa ba batun jin daɗin hanci ba ne. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, tartsatsi ɗaya ya ishe shi, saboda haka ba a kunna kowace na'ura a jirgin da ake jin sa sai an gano inda yake yoyo.

Daga cikin abubuwan da ake ajiyewa don kama wari, gawayin da aka sarrafa shi ne ya fi cancantar kuɗinsa: ba ya zubewa, ba ya ƙara wani ƙamshi, yana kama ragowar wari a kabad da ɗakin kwana. Sodar girki tana ɗan taimakawa a firji. Turaren fesawa yana rufe wari na 'yan kwanaki, daga baya ya gauraya da shi. Fakitin kulorin dayokzayid yana kashe fumfuna da wari a rufaffen ɗaki, amma sai an bi umarnin da yake jikinsa, an kuma bar ɗakin ya sha iska kafin a zauna a ciki. Na'urar da take fitar da iskar ozon don kashe wari tana da ƙarfi, sai dai ozon yana cutar da huhu, yana kuma tsofar da roba da tiyo da soson katifa, don haka ban ga dalilin barin ta tana aiki duk hunturu ba. Wajen wanke fumfunar da ta riga ta fito, khal, wato binega, ko ruwan boraks, wani farin garin wanki, sun isa a mafi yawan wurare. Bilic yana cire tabo amma yana cin zaren ɗinki, ba a kuma haɗa shi da khal ko da amoniya, domin haɗin yana fitar da iska mai guba.

Wa ya dace da wace

Mai ƙaramin jirgi marar ɗaki, wanda yake kan tirela, ba ya buƙatar na'ura ko sinadari. Murfi mai tudu da iska take ratsawa, da matoshin da aka cire, da goshin da aka ɗaga, da kujerun da aka kai gida sun gama masa aiki.

Mai jirgi mai ɗaki, a wurin da babu wuta, wanda kuma ba zai dawo ba sai sanyi ya wuce, ya zaɓi iska: murfin zane ko leda mai kafofi da yawa, komai na ciki a buɗe, silika a akwatunan da aka rufe, gawayi a kabad. Idan yana iya zuwa duk bayan mako biyu ko uku, jirgin kuma ƙarami ne mai toshuwa da kyau, to yana iya juyawa ga kalsiyam kulorayid, kowace roba a cikin bokitinta.

Mai wuta amintacciya, a gaɓar da hunturu yake da laima, wanda jirginsa yake da katifu da katako da na'urori masu tsada, shi ne wanda na'ura mai faifai ta fi dacewa da shi, jirgin a toshe, an saita ta tsakanin kashi 55 da 60. Mai kwampiresa ta dace ne da wurin da sanyi ba ya sauka ƙasa da digiri 15 sosai, ko da rumfa mai ɗan ɗumi. Inda sanyi yake daskarar da komai na wata da watanni, na'ura ba ta da aikin kirki a tsakiyar hunturu. Lokacin da za a sa ido shi ne farkonsa da ƙarshensa, sa'ad da rana take ɗumi dare yake sanyi. Ko wace hanya aka bi, ƙaramin ma'aunin danshi mai riƙe adadi mafi girma da mafi ƙanƙanta zai nuna ko tana aiki, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba.

Jirgin katako shi ne ya fita daban. Bushewar da ta wuce kima tana tsuke allunansa, mahaɗarsu ta buɗe, ya riƙa shan ruwa ranar da aka mayar da shi. Rumfa mai ɗumi da na'urar da aka saita ƙasa sosai suna iya yi masa illa fiye da laimar da ake gudu. Abin da ya dace da shi shi ne inuwa, da murfin zane mai numfashi wanda bai manne da jikinsa ba, da allunan daɓen ciki a ɗage yadda iska za ta kai har kwarmi.